Rabon Kogi

Yanzu idan na sauka bakin ruwa da safe, abin da ke fara shiga kunnena shi ne ƙugin injin ban-ruwa da kukan jakunan masu karo, amalanken nan da ake kwasar yashi da shi ana kai wa masu gyaran gidajen da yaƙi ya rusa. Ba na ce musu komai, kowa da abin da ya fito da shi. Amma mu da muka tashi a Kalakla tun tana ƙauye, tun itatuwan bagaruwa sun fi gidaje yawa, mun san wannan gaɓar da wata murya daban. Da asuba masunta ne ke dukan gefen jirgi da sanda suna kora kifi cikin raga. Rana na ɗagawa sai bugun wanki ya karɓa, mata a jere, kowacce da dutsenta da ba mai taɓa mata. Can tsallake gauraka na kiran juna, mu kuwa 'yan mata muna tsakiya da tulu a ka, ana aikenmu muna mantawa. Kowa a ƙasar nan bahar yake ce wa wannan ruwa, ban da Kakata. Ita har ta koma ga Allah kogi take cewa, wai wanda bai ga teku ba shi ke naɗa wa kogi rawani. Ita ma fa ba ta taɓa ganin tekun ba.

Mu ba mutanen ruwa ba ne, gara in faɗi wannan tun yanzu. Kaka daga yamma ta taso da ƙafa, ita da mijinta, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka zauna a kambo, unguwar 'yan ƙwadago, suna tsinkar audugar wasu. Can aka haifi babana, can aka haife ni. Sai da bayansa ya gaji da sunkuyo a gonar da ba tasa ba, ya kwaso mu ya kawo nan, ya shiga jirgin wani Bahaushe yana koyon kamun kifi da girmansa. Kaka kuwa abin da ta sani a duniya zabi ne. A kambo tana da garke guda, kuma ba a taɓa cutarta da ƙwai ba, domin kafin ta taya sai ta cika ƙwarya da ruwa ta saka shi ciki. In ya kwanta a gindi, sabo ne. In ya ɗaga kai ko ya taso, to an kwanta masa, ya ɗauki rai. Wannan ilimin ta ɗauko tare da ƙwaryar ta kawo shi bakin kogi.

Yaran yanzu ba su san ƙififiya ba. In ka ce musu umm diriga, sunanta na Larabci, wasu su ce sun taɓa ji a bakin tsofaffi. Kunkurun ruwa ce, amma bayanta ba ƙoƙo mai tauri ba ne, laushi gare shi kamar fatar da majemi ya jiƙa, ga hanci siriri kamar bakin buta. Babba a cikinsu takan kai faɗin farantin da ake ɗora wa baƙi abinci. A zamaninmu idan ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari fat, sai ka gan su a baje suna shan hantsi, da ka taka ƙasa da ƙarfi su zube cikin ruwa gaba ɗaya. Lokacin ne suke hawowa su tona rami su zuba ƙwai su rufe, su koma abinsu ba waiwaye. Mu kuma lokacin ne aikinmu ke tashi. Mukan bi sawu, in iska ta share sawun mu bi da tsinke muna soka yashi, inda ya shige sululu nan ne. Ƙwan zagaye yake kamar lemun tsami, farinsa ko ka yini kana dafawa ba ya daskarewa, gwaiduwar ce abin nema. A soya ta da albasa a naɗe cikin kisra, wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, yaron da ya ci wannan ba ya kukan yunwa sai la'asar.

Wasu in sun samu rami kwashewa suke yi ƙaf. Kaka ba ta ga-maciji da irin waɗannan. "Wanda ya cinye iri ya ci baɗi," take cewa. A gidanmu doka ce: a fito da ƙwan duka, a ɗebo ruwa a ƙwarya, a murza kowanne da babban yatsa a wanke masa yashi, a sake shi ciki. Wanda ya kwanta namu ne. Wanda ya ɗaga kai rabon kogi ne, a mayar da shi rami. Kuma ba mayarwa kawai ba. Irin waɗannan sukan yi wani tabo fari sol a sama, ya fi sauran jikin haske. Kaka ta ce ƙunar rana ce, don haka a kifa tabon ƙasa, ɗaya gefen ma ya samu ɗumi. "Kaza da bakinta take juya nata," in ji ta. "Wannan kuwa uwar banza ce, ta haihu ta kama gabanta. Mu ne ungozomarta."

Ranar da wannan doka ta shiga jinina ba na mantawa da ita. Ina 'yar yarinya muka tona wani rami, kusan duk ƙwan ya taso. Ni kuwa tun safe raina ya biya. Da Kaka ta juya baya na ɗauke ɗaya na tura a bakin zani, na zagaya bayan wata bagaruwa na fasa shi a kan saiwa, wai in shanye gwaiduwar ɗanya. Abin da na gani ba gwaiduwa ba ce kaɗai. Jijiyoyi ne ja sun yi mata raga, a tsakiya ga wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, da ido baƙi ƙirin wanda ya fi ƙarfin kansa, yana motsi. Na tsaya da shi a tafin hannu har ya daina. Kaka ta same ni a haka. Na sadaƙar duka zan sha, amma ko yatsa ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Kin gan shi?" Na ce na gani. Ta ce, "Shi ma ya gan ki. Tona ki rufe shi." Na tona da hannu ina kuka na rufe. Tun daga ranar ita da kanta ta miƙa mini ƙwaryar, na zama mai gwaji a cikin 'yan matan unguwa, kuma ba wadda ta isa ta wuce da ƙwai mai rai a gabana. Na koya wa ƙannena, na koya wa 'ya'yana, na koya wa matan da aka auro cikinmu. Ina alfahari da abin, ba zan ɓoye ba.

Ba rana ɗaya ƙififiya ta ɓace ba. Bana ka ga ramuka sun ragu, baɗi ka yini kana soka tsinke ba ka samu ba, har aka wayi gari na aurar da 'yata ta fari ban tuna rabona da ganin sawu ba. Gari ya taso ya haɗiye gaɓa, masu ƙona bulo suka kafa wutarsu, raga ta koma ta roba mai kama har abin da ba a nema, a kasuwar Omdurman kuma ana rataye bayan ƙififiya a rumfar masu magani. Duk wadda ta zauna kusa da ni a gidan suna ko gidan makoki ta sha jin wannan zance. In zagi masu bulo, in zagi masu raga, in fi zagin masu kwashe rami ƙaf. In ƙare da cewa, da kowa ya yi irin na gidanmu, da yanzu ƙififiya na nan tana shan hantsi. Mata su gyaɗa kai su ce gaskiya ne Hajja.

Sai yaƙin nan ya zo ya kore mu. Ba zan yi maganarsa ba, wanda ya gani ya gani. Mun yi zaman da muka yi wajen dangi a kudu, muka dawo muka tarar da gida ba ƙofa ba taga, famfo ba ko ɗigo. A gudun ne na faɗo daga bayan mota, kafaɗata ta dama ta goce, har yau ba ta miƙewa sosai. Cikin waɗanda muka dawo tare akwai jikata Tahani, 'yar babban ɗana. Ita ce ke karatun namun daji a jami'a kafin a rufe, karatun da na sha yi mata tsiya a kai, ina cewa mutane na neman likita ke kin tafi koyon gaisawa da kura. Hausarta rabi ce, in zance ya yi zafi sai ta zame cikin Larabci, kuma ni da nake ce wa tawa Kaka, ita Habboba take ce mini. Tun da muka dawo, ita da wasu abokan karatunta suke bin gaɓa suna tambayar masunta abin da ya rage a ruwa. Ita ta gaya mini ƙififiya na cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a wannan yanki. Takan zauna ta ce, "Habboba, ba ni labarin umm diriga." Ni kuma in ba ta na shan hantsi da na kisra, in ce sauran sai ranar da Allah ya nuna mana rami in yi aikin a gabanta, gani ya kori ji.

Ana haka Tahani ta haye Omdurman jinyar goggonta. Ba ta daɗe da tafiya ba na sauka wanki da sassafe, tun da ruwan famfo ya zama labari. Can gefen da ba kowa sai na ga an ja wani abu mai faɗi a kan yashi daga ruwa zuwa tudu, gefe da gefe ga zanen farce. Na ajiye bokiti. Na bi shi da ido, ya hau, ya yi 'yar da'ira, ya koma. Wallahi sawun ƙififiya ne. Zaman da gaɓa ta yi ba raga, ba wutar bulo, ba kowa sai tsoro, shi ya ba ta zuciyar dawowa. Abin da ya kore mu shi ya buɗe mata hanya. Na share sawun da gefen mayafina, na jawo reshen ƙaya na yar a wurin kamar iska ce ta kawo. Ban gaya wa kowa ba. A lokacin cin yau da ƙyar ne, na gobe sai Allah, kuma na san halin yunwa. Tahani ma ban sa an kira ta ba, ina so in ga fuskarta da idona.

Jinyar ta ja, mako ya bi mako. Kullum ina sauka da 'yan tsummokaran da ba su yi datti ba, don dai in samu dalili. Sai masu karo suka fara matsowa. Kowace safiya inda suke ɗiba ya ƙara cin gaɓa, har ran nan na tarar da ƙafar jaki kusa da ƙayata. Na ce wa mai shi, wani dogon mutum da yaƙi ya koro daga ƙauyensu, ya ja dabbarsa can. Ya dube ni ya ce, "Ya Hajja, yashin ma gadonku ne?" Na ce na ubana ne. Ya yi dariya ya ja jakinsa. Amma na san gobe zai dawo, in ba shi ba wani. Ga ruwa kuma lokacin tasowarsa na ƙaratowa. Na ce a raina, ke da kika tsufa a ungozomanci, wannan ɗaya ce za ta gagare ki?

Ƙwaryar Kaka ta daɗe da fashewa, kwano na ɗauka. Na durƙusa na tona a hankali da yatsu, kamar yadda aka koya mini. Da na taɓa ƙwan farko hawaye ya zubo mini. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya, na murza, na wanke, na saka a ruwa, kowanne ya ɗaga kai, kowanne da farin tabonsa. Duka masu rai. Ina yi ina yi musu magana kamar mai taɓin hankali, ina cewa kun yi sa'a, kun faɗo hannun 'yar gida. Can ƙasa ramin ya yi zurfi ya karkata, kan yatsana na jin santsin wasu 'yan kaɗan, amma kafaɗar nan ta ƙi. Na kwanta da ciki, na gwada hagu, ba ta san aikin ba, yashi ya riƙa zubowa. Na haƙura. Na ce musu ku yafe ni, tsufa ne, na rufe na mayar da ƙayar. Waɗanda na fito da su kuwa na kai su can tudu inda karo ba ya bi, na tona sabon rami na jera su, kowanne na kifa tabonsa ƙasa da bismilla. Ko ɗaya ban kai baki ba, alhali ranar da shayi ba sukari na karya. Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta sauke farali, abin da ke ci mini rai kawai waɗancan da na bari a baya.

Da Tahani ta dawo na bari ta huta ta ci abinci, na dafa mana gahawa mai citta, muka zauna a inuwar rumfa. Na fara daga sawu. Ta ajiye finjali ta kama hannuna biyu, idonta ya kawo ruwa. Na ci gaba, na zo kan masu karo, na zo kan kwano da ruwa. Sai na ji hannunta ya saki nawa.

"Habboba, kin fito da su?"

"Na fito da su mana. Duka sun taso, ke dai ki gode Allah."

"Kin juya su?"

"To da fa? Na kifa ƙunar ƙasa, yadda ake yi."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Ta fara magana da Larabci da sauri, na ce ta dawo Hausa in ji da kyau. Ta dawo, tana lalubar kalmomi. Ta ce ƙwan ƙififiya ba irin na kaza ba ne, ba a juya shi. Kwana kaɗan bayan an zuba shi, ɗan yakan hau sama ya manne a jikin ɓawo. Wannan farin tabon ba ƙuna ba ce, wurin zamansa ne, ta nan yake shan iska. In aka mirgina ƙwan ya ɓalle, in aka kifa shi gwaiduwa ta danne shi. Ba lallai ya mutu nan take ba, amma ba ya fitowa.

Na ce, "Wato jami'ar taku ce ta ce Kakata jahila ce? Matar da ta taka ƙasa daga yamma zuwa nan? Ke da ko ƙififiya ba ki taɓa gani ba sai a hoto?"

Ta bari na gama, sannan ta ce a hankali, "Ma'alesh, Habboba, yi haƙuri. Abu ɗaya zan tambaye ki. Ramukan da kuke mayarwa, kin taɓa ganin 'ya'ya sun fito daga ciki?"

Na buɗe baki in ce sau nawa. Sai na tsaya. 'Ya'yan ƙififiya na sha gani, ƙanana kamar murfin kwalba suna gudu zuwa ruwa, amma da na bi su a raina in ga daga ina suke fitowa, kullum daga wani wuri ne da tsinkenmu bai gano ba, har mukan ce kai, wannan ya ɓoye mana. Namu kuwa, in mun koma muka ga shiru, Kaka ta ce sun fita ba ma nan. In mun ji wari, ta ce kare ne ya shiga. Gahawa ta huce a gabana ban sha ba. Ashe wanda ya nutse mun ci, wanda ya taso mun kashe, muka tafi gida muna zagin masu kwashewa ƙaf. Su dai ba su taɓa ce wa kowa ungozoma suke ba.

Na yi kwanaki ban yi mata magana ba, ba don ta yi laifi ba, don ban san da wace fuska zan dube ta ba. Ita kuwa ba ta zauna ba. Ta je ta samu dogon nan mai karo ta gaya masa gaskiyar abin da ke ƙarƙashin ƙayar, abin da ni na kasa yi don na riga na yanke masa hukuncin ɓarawo. Mutumin ya ce, "Ai da Hajja ta faɗa tun ran nan, da mun koma can gaba. Yashi ne ya ƙare a bahar?" Ya ja 'yan uwansa suka matsa. Shi ya kawo ragar wani tsohon gadon ƙarfe, aka raba ta biyu aka kifa a kan ramukan saboda karnuka. Tahani ta ce kada a sake taɓa ko ɗaya, abin da aka yi an yi, a bar wa Allah.

Na ci gaba da sauka kullum. Ina zama tsakanin ramukan biyu da carbi, ina roƙon Allah ya ƙaryata jikata. Ban taɓa roƙon abu da zuciya ɗaya haka ba, in ban da ranar da muke gudu. Ina tuna matan da na koya wa, wasu suna Kosti, wasu Sinnar, wasu sun rasu sun bar wa 'ya'yansu aikin. Ina tuna Kaka, ina so in ji haushinta, abin ya ƙi. Baiwar Allah zabi ta sani, ta zo inda ba zabi, ta yi tausayi da abin da ke hannunta. Ni ce na yi shekara da shekaru a bakin ruwan nan ina ganin shiru a ramukanmu ban taɓa tambaya ba, don amsar da nake da ita ta yi mini daɗi. Ruwa kuwa ya fara tasowa, kullum yana lasar gaɓa yana matso tsohon ramin.

Sabon ramin ne ya fara ba da amsa. Tururuwa suka yi layi, sannan wari. Tahani ta tona ina tsaye. Ta so ta kare da jikinta kada in gani, na ce matsa. Ta fasa ɗaya. Yana nan a ciki, ya riga ya yi siffa, da ɗan bayansa da 'yan ƙafafu, gwaiduwa ta kwanta a kansa, ga idon nan baƙi. Na san idon. Wannan karon ba ya motsi. Ba wanda ya ce mini in rufe, ni na durƙusa na mayar da yashin da hannun hagu, Tahani na kuka a bayana, ni kuwa hawayen ma ya ƙi zuwa.

Daga ranar na daina sauka. Na ce me zan je yi, waɗancan da na bari ma ruwa zai ci. Sai wata safiya ina shara Tahani ta shigo tana haki, ta ce, "Habboba, taso." Muka sauka. Ruwa ya zo dab da ƙayar. Tsakiyar tsohon ramin ya lotsa kamar an danna da gindin ƙoƙo, kuma a ƙarƙashin ragar yashi na motsi. Wani ɗan hanci ya leƙo, siriri. Ya fito, wani ya biyo shi. Ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Suka ratsa ta kafofin ragar suka nufi ruwa, ba wanda ya nuna musu hanya.

Na ƙarshen ya faɗa cikin tsohon sawun ƙafar karo, ya yi ta haƙilo yana zamowa. Kafin in ankara hannuna ya miƙa. Na kama hannun da ɗayan na mayar da shi cikin mayafi. Na dubi yarinyar da ni na yi mata wankan farko, na ce, "In taɓa?"

Ta ce, "Kada ki ɗaga shi. Ki baje masa bakin sawun kawai."

Na baje yashin da gefen tafina, na janye. Ya hau, ya gangara, ruwa ya karɓe shi. Muka tsaya muna kallon wurin har ya lafa. Tahani ta rungumo kafaɗata, mai ciwon, ta ce, "Kin gani, Habboba? Naki ne. Ke kika gano su, ke kika tsare."

Na ce, "A'a, 'yar nan. Waɗannan su ne waɗanda hannuna bai kai ba."